Tarihin Gwamna Lugga

Duk ɗalibin da ya zauna ajin tarihi ya san tambayar nan da ba ta rabuwa da takardar jarrabawa, watau wane ne ya haɗa Kudu da Arewa, kuma a wace shekara. Mukan rubuta Lugga, 1914, mu karɓi makinmu mu wuce. Amma in malam ya ce mu faɗi ko ɗan wane ne shi, me ya raba shi da ƙasarsu, ta ƙaƙa kuma ya kai ga shi ke naɗa Sarkin Musulmi, sai ka ji aji ya yi tsit. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kansa shi ne, mu mutanen Kasuwar Daji da Ƙauran Namoda da Zurmi da Shinkafi labarin mutumin nan ba na nesa ba ne gare mu. A ƙasarmu rundunar Sarkin Kano ta watse cikin 1903, ta ƙasarmu kuma sojan Lugga suka ratsa suka tafi cin Sakkwato. Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu su ara mini hankalinsu.

Cikakken sunansa Frederick John Dealtry Lugard, bakin Bahaushe ne ya gajarta shi ya koma Lugga. An haife shi ran 22 ga Janairu, 1858, a birnin Madras na ƙasar Indiya, wanda yanzu ake kira Chennai. Ubansa limamin Kirista ne na sojan Ingila da ke can, uwarsa kuwa 'yar mishan ce. Tun yana ƙarami uwar ta koma Ingila da 'ya'yanta, ta rasu cikin 1865 yana ɗan shekara 7. Gidansu ba gidan dukiya ba ne. Ya yi karatu a makarantar Rossall, ya zauna jarrabawar shiga aikin mulkin Indiya, ya faɗi. Wannan ya kamata ya sanyaya zuciyar wasunmu. Da ƙofar nan ta rufe sai ya nufi soja, aka ɗauke shi a makarantar hafsoshi ta Sandhurst cikin 1878. Mako 8 kaɗai ya yi a ciki, don Ingila na tsoron yaƙi zai tashi tsakaninta da Rasha, sai aka yaye su da gaggawa.

Ya yi yaƙin Afganistan cikin 1879 da 1880, ya yi na Sudan cikin 1885 inda Turawa suka kara da mutanen Mahadi a wajen Suwakin, sa'an nan ya tafi Bama cikin 1886, Bamar nan da kakanninmu suka je yaƙi daga baya. Yawancin aikinsa a wuraren nan na kula da kaya ne da dabbobin dako, aikin da ba a yi wa kirari, amma shi ne ya koya masa yadda ake tafiyar da runduna cikin daji mai nisa. Da al'amura sun tafi daidai, da ya tsufa yana hafsan sojan Indiya, ba wanda zai ji sunansa a nan.

Mace ce ta sauya masa hanya. A Indiya ya kamu da son wata Baturiya. Cikin 1887 yana Bama ya sami labarin ta yi hatsari, ya taso a rikice, ya tarar ta riga ta tafi Ingila, ya bi ta har London. Da ya isa sai ya iske ta garau cikin abokan shaƙatawarta, ba ta ma da shi. Abin ya buge shi ƙwarai, ga kuma zazzaɓin Bama a jikinsa. Ya ɗauki hutu daga soja, ya shiga jirgin ruwa da 'yan kuɗi kaɗan ya nufi gabashin Afirka, kamar mai neman inda ajali zai same shi. Ya nemi Italiyawa su ɗauke shi yaƙinsu da Habasha, suka ƙi. Daga nan ya gangara tafkin Nyasa, a ƙasar da yanzu ake kira Malawi, inda wani kamfanin Turawa ke faɗa da wani mai fataucin bayi, Mlozi. Cikin 1888 ya ja mutane suka auka wa wata kagara ta mutanen Mlozi kusa da Karonga, harsashi ɗaya ya shiga hannunsa guda, ya goge ƙirjinsa, ya fasa ɗaya hannun. Bai ci kagarar ba, bai kuwa mutu ba.

Tun daga nan ya zama sojan haya na kamfanoni, yau wannan gobe wancan. Kamfanin Ingila na gabashin Afirka ya aike shi Uganda a ƙarshen 1890, ya sa Sarki Mwanga hannu a takardar yarjejeniya. Cikin Janairun 1892 rikici ya tashi tsakanin ɗariƙun Kirista biyu na ƙasar, Lugga ya goyi bayan ɗaya, ya buɗe wa ɗayar bindiga mai ruwa a Mengo. Faransawa suka yi ta ƙorafi, shi kuwa ya koma Ingila ya bi gari gari yana lacca kada a saki Uganda, har gwamnatinsu ta karɓe ta cikin 1894. A shekarar nan ce ya fara taka ƙasarmu. George Goldie, mai Kamfanin Neja, ya ɗauke shi ya yi tsere da Faransawa zuwa Nikki ta ƙasar Bargu, don a ga wa zai riga samun hannun sarki. Ya riga su da 'yan kwanaki cikin Nuwamba, a hanyar dawowa Bargawa suka harbe shi da kibiya a ka. Bayan wata tafiya da ya yi hamadar Kalahari, gwamnatin Ingila ta kira shi cikin 1897 ya kafa mata rundunar Afirka ta Yamma. Hafsoshin Turawa ne, amma masu riƙe da bindigar yawancinsu Hausawa ne da Yarabawa. Wannan magana ba ta da daɗin ji, amma a riƙe ta, don da hannun 'ya'yan ƙasa aka ci ƙasa.

Ran 1 ga Janairu, 1900, aka sauke tutar kamfani a Lakwaja aka ɗaga ta Ingila, aka karanta takarda cewa Lugga ne Babban Kwamishinan Nijeriya ta Arewa. A takarda ke nan. A zahiri ikonsa bai wuce bakin Kwara da Binuwai ba, sauran ƙasa tana hannun Sarkin Musulmi Abdurrahman da sarakunansa, da kuma Barno. Ga shi ma'aikatansa 'yan tsiraru ne, kuɗinsa kuwa tallafi ne daga baitulmalin Ingila, wanda ake ba shi ana tsaki. Sai ya shiga cin ƙasar da ɗaiɗai. Bida da Kwantagora da Yola cikin 1901, Bauci da Barno cikin 1902, a shekarar kuma ya ajiye soja a Zariya, ya mai da hedkwatarsa Zungeru. Ko'ina hujjarsa ɗaya ce, watau sarakuna suna harin bayi. Harin bayin kuwa gaskiya ne ana yi, babu mai musun abin da Nagwamatse na Kwantagora ya yi wa ƙasar Gwari. Amma ni a ganina ko da babu bawa ko ɗaya a Arewa da sai Lugga ya sami wata hujjar, gama Faransawa na matsowa ta Damagaram, Jamusawa kuma ta Adamawa.

Saura Kano da Sakkwato. Cikin Oktoban 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Razdan, Kyaftin Moloney, ya gudu Kano, Sarki Alu ya karɓe shi da girmamawa. Lugga ya sami abin da yake nema. Ya kuma nuna wa manyansa fassarar wata wasiƙa da ya ce Sarkin Musulmi ya aiko masa, mai nuna babu komai tsakaninsu sai yaƙi. Masana tarihi na baya sun nemi asalin wasiƙar da Larabci ba su same ta ba, har wasu suna shakkar fassarar. Ofishin mulkin mallaka na London ba ya son wannan yaƙi, Lugga kuwa bai buɗe musu cikinsa ba sai da shiri ya kankama. A ƙarshen Janairun 1903 Kanar Morland ya tashi daga Zariya da soja baƙar fata 700 da 'yan kai, da igwa 4, da bindiga mai ruwa 4. Suka fasa Bebeji a hanya, ran 3 ga Fabrairu suka shiga Kano ta wajen Ƙofar Kabuga. Sarkin Shanu Muhammadu, wanda aka bar wa tsaron gari, ya mutu yana kare gidan sarki.

To, ina Sarki Alu? A nan labari ya iso gida. Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu cikin Oktoban 1902, aka naɗa Attahiru ɗan Ahmadu, shi ne Alu ya kwashi manyan Kano da dawakinsu ya tafi Sakkwato yin mubaya'a. Yana kan hanyar komowa, ya iso ƙasar Zamfara, labari ya tarye shi cewa birninsa ya faɗi. Rundunar ta yi zango a Birnin Goga, nan kusa da Ƙauran Namoda. Ku duba irin halin da mutanen nan suka shiga. Gida yana hannun Nasara, iyali suna can, baya kuma Sakkwato ce wadda ita ma ake shirin auka mata. Shawara ta rabu, wasu na cewa a yi yaƙi, wasu a yi hijira, wasu a koma a nemi sulhu. Da dare Sarki Alu ya sulale da mutane kaɗan ya nufi arewa. Gari ya waye runduna ba sarki. Masu zarginsa sun ce tsoro ne, masu kare shi sun ce niyyarsa ya kewaya ya yi gabas. Ko wanne ne, bai yi nisa ba ya faɗa hannun Gobirawa, aka miƙa shi ga Turawa, suka kai shi Yola, daga baya Lakwaja, inda ya rasu cikin 1926.

'Yan'uwansa biyu suka raba rundunar. Wambai Abbas ya ja nasa kashin ya nufi Kano don ya sallama. Waziri Ahmadu ya ce shi sai ya gwada. A wajen Kwatarkwashi, garin nan mai dutse da ke gabas da Gusau, mahayansa suka yi karo da wata 'yar ƙungiyar sojan doki ta Laftana Wright, wadda ba ta kai mutum 50 ba. Sojan suka sauka suka tsaya kusurwa huɗu, baya da baya, suka kange kansu da ƙaya. Dawakin Kano suka yi ta kawo sukuwa, harsashi na zubar da su, su koma su sake dawowa, har Waziri ya faɗi tare da manyan Kano da dama. Shi ne Kanawa ke kira Mai Shahada. Wright ya sami lambar jarumtaka mafi girma ta Ingila saboda wannan rana. Ni dai duk lokacin da mota ta bi da ni ta gindin dutsen nan, Waziri nake tunawa, mutumin da ya san takobi ba ya kai wa inda harsashi ke kai wa, ya kuwa zo.

Daga nan rundunar Turawa, a ƙarƙashin Janar Kemball da Morland, ta biyo ta Ƙauran Namoda a ƙarshen Fabrairu ta yi yamma. Ƙaura ba ƙaramin wuri ba ne a daular. Namoda da ya kafa ta yana cikin manyan jarumawan jihadi da suka ci Alƙalawa cikin 1808, a nan kuma Sarkin Musulmi Umaru ya rasu cikin 1891. Shekara 12 kacal bayan wannan rasuwa sai ga sojan Nasara suna ratsa garin da igwa, babu mai iya tare su. Ran 15 ga Maris aka yi karo a filin Giginya, a bayan ganuwar Sakkwato. Yaƙin bai daɗe ba. Wasu tsirarun mutane suka tsaya a gindin tuta suka ƙi gudu har aka kashe su. Sarkin Musulmi Attahiru ya fita ya yi gabas, Waziri Buhari kuwa, bayan ya shawarci malamai, ya komo ya sallama don jama'ar da ba ta iya hijira.

Lugga da kansa ya iso Sakkwato ran 19 ga wata. Ɗan siririn mutum ne, ba dogo ba, mai kaurin gashin baki da zurfin ido, ba wanda zai gan shi ya ce shi ne ya girgiza ƙasa. Ran 21 ya tabbatar da Muhammadu Attahiru ɗan Aliyu Babba a kan sarauta, ya yi jawabi ta bakin tafinta. Abin da ya nuna musu shi ne, yadda Fulani suka sami mulki da yaƙi haka Turawa suka karɓe shi da yaƙi, saboda haka naɗa sarki da tuɓe shi, da sa haraji, da ikon ƙasa, duk sun koma hannun Gwamna. Ya hana harin bayi da cinikinsu. Ya kuma yi alkawarin ba za a taɓa addini ba, alƙalai za su ci gaba da shari'a. Wannan alkawari shi ne ya kwantar da hankalin mutane da yawa, shi ne kuma sarakuna suka riƙa tuna wa Turawa da shi har ranar da suka tafi.

Amma talakawa ba su tsaya jin jawabi ba. Attahiru na farko ya ratso ta Zamfara ya nufi gabas da niyyar Makka, mutane suka yi ta barin gonakinsu da garuruwansu suna bin sa, har abin ya tsorata Turawa. Suka bi shi har Burmi ta ƙasar Gombe. Ran 27 ga Yuli, 1903, aka kashe shi a can tare da mutane fiye da 600, shugaban sojan Turawa Manjo Marsh shi ma ya mutu. Ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, inda garin da suka kafa a bakin kogin Nilu yake ɗauke da sunansa har yau.

Yanzu sai mulki. Littattafanmu suna yabon Lugga da cewa shi ya ƙago mulki ta hannun sarakuna. Ban yarda da wannan ba gaba ɗaya. Ingila ta daɗe tana yin haka da sarakunan Indiya, inda aka haife shi. Tun kafin su ma, Sifaniyawa da suka naɗa Antonio de Mendoza wakilin sarkinsu a Meziko cikin 1535, ta hannun shugabannin mutanen ƙasar suka riƙa karɓar gandu. Sakkwato kanta ta hannun sarakunan Kano da Katsina da Zazzau take mulki. Gida ya tarar a gine, da alƙalai da hakimai da masu karɓar haraji, shi kuwa ba shi da mutane ba shi da kuɗi, sai ya shiga ya zauna a zauren. Abin da za a ba shi shi ne ya rubuta tsarin dalla dalla ya mai da shi doka. Mutum ne mai cin aiki, yakan kwana a kan tebur yana rubuta wa Razdan-Razdan umarni, ba ya kuma iya sakar wa na ƙasa da shi ko ƙaramin abu. Sarki ya zauna da rawaninsa da dogaransa, amma takardar naɗinsa daga Gwamna take, Razdan na gefensa yana ba da shawarar da ba a ƙi. A da sarki na tsoron talakawa su yi masa ƙaura ko 'yan'uwansa su yi masa tawaye. Yanzu muddin Bature na jin daɗinsa, ba abin da talaka zai iya. Harajin gargajiya iri iri aka tattara su wuri guda, ana raba kuɗin tsakanin gwamnati da sarki, jangali kuma ya zauna daram a kan Fulani. Baitulmalin En'e da muka ji iyayenmu na ambata ba a zamaninsa na farko aka fara shi ba, sai bayan tafiyarsa, a Katsina. Iyakar da ta raba mu da Maraɗi da Tsibiri, wadda mutanen Zurmi da Shinkafi suka fi kowa sanin zafinta, ita ma a shekarun nan Ingila da Faransa suka daidaita ta, cikin 1904 da 1906, a teburin da babu Bahaushe ko ɗaya.

Batun bayi kuwa, wanda da sunansa aka yi yaƙin, ya bi shi a hankali ƙwarai. Dokarsa ta 1901 ta rufe kasuwannin bayi, ta ce duk yaron da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar ɗa ne. Amma bayin da ke hannu ba a 'yanta su ba. Aka ce kowa ya fanshi kansa a gaban alƙali, wanda ya gudu kuma ba a ba shi gona. Lugga na tsoron in bayi suka watse gandayen sarakuna za su mutu, sarakunan da ya dogara da su su juya masa baya. Ba a soke bauta ɗungum a Arewa ba sai 1936. Duk da haka kada mu rage masa abin da ya yi, gama daga zamaninsa ne uwa a ƙauye ta daina fargabar mahaya su sure mata ɗa a bakin rafi. Sai dai aikin tilas na gwamnati, da dakon kayan Bature, da gyaran hanya, sun zo sun maye wani gurbin.

Abin da ya fi ɓata sunansa a wurina shi ne Satiru. Ƙauye ne kudu da Sakkwato, mazaunin talakawa da bayin da suka gudo, masu jiran bayyanar Mahadi. Cikin Fabrairun 1906 suka yi tawaye, tare da wani malami da ya tsero daga ƙasar Faransa, ana ce masa Ɗan Makaho. Razdan Hillary ya tafi da sojan doki don ya kama shugabanninsu. Mutanen Satiru suka auka musu da gatura da fartanyu da baka, suka kashe Turawa 3 da soja wajen 25, suka ƙwace bindiga mai ruwa. Tun zuwan Turawa ba a taɓa yi musu irin wannan ba. Da Sarkin Musulmi ya ɗaga yatsa a ranar, Allah kaɗai ya san inda abin zai tsaya, amma shi da manyansa suka tsaya bayan Turawa, don su ma tawayen talakawa bai yi musu daɗi ba. Lugga ya aika da runduna, ya kuma nuna ba ya son sassauci. Ran 10 ga Maris aka kashe mutum wajen 2,000, aka bi masu gudu cikin daji, aka kwashe mata da yara, aka rushe garin aka hana sake gina shi. Ɗan Makaho da wasu aka kashe su a Sakkwato bayan shari'a. A London ma abin ya tayar da hankali, Winston Churchill, wanda a lokacin yake ƙaramin minista a ofishin mulkin mallaka, ya nuna ƙyamarsa a rubuce. Wata guda bayan haka aka auka wa Haɗeja, Sarki Muhammadu ya mutu yana yaƙi. Mutumin da ya ce ya zo ceton bayi, ga shi ya ƙare zamaninsa na farko da karkashe bayin da suka ceci kansu.

A shekarar nan ya ajiye aiki, dalilin kuwa har da na iyali. Cikin 1902 ya auri Flora Shaw, shahararriyar 'yar jarida ta The Times ta London, wadda ita ce cikin 1897 ta ba da shawara a jarida a kira ƙasar nan Nijeriya. Ta zo Zungeru, ƙasar ba ta karɓe ta ba, ta koma gida da ciwo. Lugga ya nemi a yarda masa ya riƙa yin rabin shekara a London yana mulkin Arewa daga can, aka ƙi. Sai aka ba shi gwamnan Hongkong, a gaɓar ƙasar Sin, daga 1907 zuwa 1912. A can ya tsaya tsayin daka har aka kafa Jami'ar Hongkong cikin 1911. Wannan abu yakan ba ni mamaki. Mutumin da ya gina wa Sinawa jami'a, a shekara 6 da ya yi yana mulkin Arewa bai kafa makarantar gwamnati ta kirki ko ɗaya ba. Makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano sai 1909 aka buɗe ta, Kwalejin Katsina kuwa sai zamanin Gwamna Clifford wanda ya gaje shi. Ya taƙaita shigar 'yan mishan ƙasashen sarakunan Musulmi saboda alkawarin Sakkwato, iyayenmu kuwa sun gode da haka, amma bai kawo wani abu a madadin makarantunsu ba. Ratar ilmin zamani da ke tsakaninmu da Kudu ta samo tushe daga nan.

Cikin 1912 aka komo da shi don ya haɗa ƙasashen biyu, ran 1 ga Janairu, 1914, ya zama Gwamna-Janar na Nijeriya. Kada mu ɗauka don son zumuncinmu aka yi. Kudu na da rarar kuɗi daga kwastan, musamman na barasa, Arewa kuwa ba ta da teku, kullum sai Ingila ta cika mata, wasu shekarun fiye da fam 300,000. Ga kuma hanyar jirgin ƙasa da ta isa Kano cikin 1911, wadda ke bukatar hukuma guda. Aljihu aka haɗa, da reluwe, da soja. Mutane kuwa aka bar su a rabe, kowane ɓangare da Mataimakin Gwamnansa da dokokinsa. Temple, wanda ya riƙe Arewa a ƙarƙashinsa, ya ba da shawara a yanka ƙasar kashi 7, Lugga ya ƙi. Sai 1967 aka zo aka yi jihohi 12, bayan an sha wuya, mu kuwa Zamfara ba mu sami tamu ba sai 1996.

Zamaninsa na biyu bai yi armashin na farko ba. Ya ɗauki tsarin da ya yi masa aiki a Kano da Sakkwato ya ce sai ya jibga shi a Kudu. A ƙasar Yarabawa ya ɗora wa sarakuna ikon da al'adarsu ba ta ba su ba, ya kawo haraji, aka yi tawaye a Iseyin cikin 1916 da ƙasar Egba cikin 1918, aka kashe ɗaruruwan mutane. A ƙasar Ibo, inda yawancin garuruwa ba su da sarki irin namu, sarakunan takarda da Turawa suka naɗa su ne suka jawo boren mata na 1929, bayan tafiyarsa. 'Yan bokon Ikko ba ya ƙaunarsu, su ma jaridunsu ba su raga masa ba. A Arewa abin da ya bari mai daɗewa shi ne Kaduna, wadda ya zaɓa aka mai da hedkwata can daga Zungeru cikin 1917. Zauren majalisa mai sunansa yana nan a garin, haka ma 'yar gadar ƙarfen da ya kafa a Zungeru cikin 1904, wadda aka ciro aka kafa a lambun Gamji.

Ya bar aiki cikin 1919, ya zauna a ƙauyen Abinger a kudancin Ingila. Cikin 1922 ya fitar da littafinsa The Dual Mandate in British Tropical Africa, inda ya ce amana biyu ce a wuyan mai mulkin mallaka, ya ciyar da mutanen ƙasa gaba, ya kuma buɗe arzikin ƙasar don amfanin duniya. Bai ɓoye ba cewa Ingila ta zo ne har da neman ribarta. Littafin ya zama abin karatun kowane sabon Di'o, amma wanda ya karanta yadda ya siffanta baƙar fata a ciki, kamar yara waɗanda ba su san gobe ba, zai gane irin kallon da yake yi mana. Ya yi shekara 13 yana wakiltar Ingila a kwamitin Janiba mai duba ƙasashen da aka ƙwace daga Jamus da Turkiyya, aka ba shi sarautar Lord cikin 1928.

Flora ta rasu cikin Janairun 1929, shekarar da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙauran Namoda ta tsaya, aka fara loda gyaɗarmu da audugarmu zuwa teku. Ya bar ɗakinta yadda ta bar shi, ya ci gaba da zama a kan teburinsa yana rubuce-rubuce a kan Afirka har ƙarfinsa ya ƙare. Ya mutu ran 11 ga Afrilu, 1945, yana da shekara 87, saura 'yan makonni yaƙin Hitila ya ƙare, lokacin kuwa jikokin sojan da ya ɗauka suna can dajin Bama. Aka ƙone gawarsa, yadda wasu Turawa ke yi. Bai bar ɗa ba, saboda haka sarautar Lord ɗin da aka ba shi ba ta sami magaji ba.